Jupyter ya buɗe, amma ya ce bai san pandas ba

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah a taimaka mini, kwana biyu ke nan ina fama da abu ɗaya. An ce mu riƙa yin aikin nazarin bayanai a Jupyter, shirin nan da ake rubuta kod a akwatuna cikin shafin da ake kira littafi, da pandas, fakitin Python na sarrafa teburan bayanai. Na girka Python, na buɗe taminal na rubuta `pip install jupyterlab`, ya sauke komai lafiya. Da na rubuta `jupyter lab` sai ya ce bai san wannan umarnin ba. Na yi ta lalube har na ga inda aka ce a gwada `python -m jupyterlab`, nan take burauza ta buɗe. Ina cikin murna na rubuta `import pandas` a akwatin farko, sai ya watso mini jan rubutu, ModuleNotFoundError. Alhali na girka pandas, da idona na gani, in na sake girkawa ma cewa yake yi ai akwai shi. Windows ce a kwamfutar. Ni ne ban iya ba, ko kuwa aljanu ne a cikinta?

Mai Kula da Zaure:
Wa alaikumus salam, barka da zuwa. Nan gaba ka riƙa manno rubutun kuskuren gaba ɗayansa, ba layin ƙarshe kaɗai ba. Amma wannan tsohuwar cuta ce, masu maganinta na nan tafe.

'Yar Lissafi:
Ƙanena, babu aljani ko ɗaya. Yi mini abu biyu kafin wani ya zo ya ce ka goge komai. A cikin akwatin littafin ka rubuta `import sys`, a layi na biyu `sys.executable`, ka danna Shift da Enter tare. Sannan ka buɗe sabon taminal, ba wanda Jupyter ke gudana a ciki ba, ka rubuta `where python`. Kawo mana abin da kowanne ya ce.

Sabon Shiga:
Yaya, ga shi. Na littafin ya nuna hanyar da ke da Python39 a cikinta. Na taminal kuwa layi biyu ya jero, na sama Python312, na ƙasa Python39. Yanzu na tuna, bara na taɓa girka wani Python ina bin wani darasi, ban kai ko'ina ba na watsar.

'Yar Lissafi:
To ruwa ba ya tsami banza. Pandas ɗinka yana gidan 3.12, shi kuma littafin yana ta sallama a gidan 3.9.

Bari in tsaya a nan kaɗan, domin in ka fahimci wannan ka huta da rabin wahalar da ke gabanka. Abin da kake kira Jupyter ba abu ɗaya ba ne, uku ne suke aiki tare. Akwai shafin da kake gani a burauza, shi fuska ce kawai, ba ya lissafin komai. Akwai sabar, wato shirin nan da ke ta zubo rubutu a baƙin taminal ɗin da ka tayar da shi, ita ce ke buɗe fayiloli tana adana su, tana sauraro a ƙofa mai lamba 8888, shi ya sa kake ganin localhost:8888 a sama. Na ukun shi ne kanel, wani Python ne daban da sabar ke tayarwa a bayan fage. Duk abin da ka rubuta a akwati, burauza ta miƙa wa sabar, sabar ta miƙa wa kanel, shi ya gudanar ya maido amsa. Ba dole ba ne sabar da kanel su zama Python ɗaya. A wajenka darasin bara ya bar rajistar tsohon kanel, sabuwar sabar ta same ta ta ɗauka. In umarnin `jupyter` ya fara amsa maka, rubuta `jupyter kernelspec list` za ka ga inda take zaune.

Maganin gaggawa: a cikin akwati ka rubuta `%pip install pandas`, da alamar kashi cikin ɗari a gaba. Wannan alamar ce ke sa a girka wa ainihin kanel ɗin da kake ciki. Mutane da yawa suna sa alamar motsin rai maimakonta, ita kuma tana kiran duk pip ɗin da ta fara cin karo da shi ne, wanda zai iya zama na wani gidan.

Dattijon Taminal:
Maganin gaggawar zai yi aiki, amma an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Yaro, tunda yanzu ka fara, fara da tsabta. Kowane aiki ka buɗe masa foldarsa da keɓantaccen muhallinsa, wato venv, inda fakitinsa ke zama ba su cakuɗu da na wani aikin ba. Ka shiga foldar a taminal, sannan:

`py -3.12 -m venv .venv`
`.venv\Scripts\activate`
`python -m pip install jupyterlab pandas`
`jupyter lab`

Bayan layi na biyu za ka ga sunan muhallin ya bayyana a farkon layin taminal. Daga nan umarnin `jupyter` da ya ƙi ka a baya zai amsa, saboda yanzu foldar da yake ciki tana kan hanyar da Windows ke dubawa. In PowerShell ya ƙi gudanar da layi na biyu yana maganar izini, koma cmd kawai. Masu Linux da Mac su kuma `source .venv/bin/activate` za su rubuta. Tsohon kanel ɗin nan ka cire shi da `jupyter kernelspec remove` da sunansa, kada ya sake yi maka shigo-shigo ba zurfi.

Abu ɗaya da sababbi ke mantawa: foldar da kake tsaye a ciki lokacin da ka tayar da Jupyter, ita ce za ka gani a gefen hagu, kuma ba zai bar ka ka hau sama da ita ba. Don haka ka fara shiga inda aikinka yake tukuna.

Baban Yara:
Baba, da girmamawa, wannan duk wahalar da yaro ce. Ya sauke Anaconda kawai, ya danna maɓalli, komai na ciki: Jupyter, pandas, numpy, matplotlib. Mu haka muka fara, ba mu mutu ba.

Dattijon Taminal:
Ba ku mutu ba, amma ku ne kuke dawowa bayan wata shida da Python uku a kwamfuta ɗaya kuna tambayar wanne ne wanne. Yana da biyu yanzu, kana so ka ƙara masa na uku, mai cin gigabait da dama a faifai, don ya yi amfani da fakiti huɗu cikin ɗaruruwa.

Uwar Biyu:
Ni dai ina tsakiya. Conda, mai girka fakitin da ke zuwa cikin Anaconda, yana da ranarsa. Wanda ya taɓa ƙoƙarin girka GDAL da pip a kan Windows don aikin taswira ya san abin da nake nufi, domin irin waɗannan fakitin ba Python zalla ba ne, suna jingine da wasu ɗakunan karatu na C waɗanda conda ke kawowa a haɗe. Amma in conda za a yi, Miniforge ya fi mini, ƙarami ne, kuma daga conda-forge yake ɗebo kaya kai tsaye. Sharaɗi ɗaya: kada ka riƙa zuba komai a muhallin base, kuma kada ka riƙa cakuɗa pip da conda yadda ka ga dama. Fara da conda, abin da babu shi a can sai ka cike da pip a ƙarshe. Ga mai koyon pandas kuwa, abin da Baba Dattijo ya rubuta ya wadatar.

Ɗan Linux:
Ƙari ga masu Debian 12 ko Ubuntu daga 23.04 zuwa sama: in kun ga pip ya ƙi yana cewa externally-managed-environment, ba lalacewa ya yi ba. Da gangan aka hana, don kada ku taɓa Python ɗin da tsarin kwamfutar kansa ke dogaro da shi. Akwai wata tuta da ke tsallake hanin, sunanta `--break-system-packages`. Wanda ya raɗa mata suna ya riga ya yi muku hannunka mai sanda. Ku yi venv.

Sabon Shiga:
Alhamdulillah, haƙa ta cimma ruwa! Na bi na Baba layi-layi, pandas ya shigo, har na buɗe fayil ɗin CSV ya nuna mini tebur mai kyau. Allah ya saka da alheri. Amma tambaya: ke nan kowane sabon aiki sai na sake sauke jupyterlab gaba ɗaya?

'Yar Lissafi:
Hanya biyu ce, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ko dai ka girka shi a kowane muhalli kamar yadda ka yi yanzu, wanda ya fi sauƙin fahimta. Ko kuma ka bar JupyterLab ɗaya tak, a kowane sabon muhalli ka girka ƙaramin fakitin ipykernel kaɗai, ka yi masa rajista da `python -m ipykernel install --user --name sunan-aiki`. Daga nan sunan zai fito a jerin kanel, ka zaɓa a kusurwar dama ta sama. Ni ta biyun nake bi. Amma ka lura, irin wannan rajistar ce ta cije ka jiya. In ka goge muhalli, rajistarsa ba ta bin sa, tana nan tana nuna gidan da ya rushe.

Baban Yara:
Ko kuma ya buɗe Google Colab ya huta da ku duka, hhh.

Uwar Biyu:
Colab, littafin Google na kan intanet, ba laifi don gwaji, kuma fayil ɗinsa iri ɗaya ne da na Jupyter, za ka iya saukewa ka buɗe a kwamfutarka. Amma kanel ɗin yana kan injin wasu ne. In ka bar shi zaune na wani lokaci za su yanke, abin da ka girka da fayilolin da ka ɗora a injin su tafi, ka sake daga farko. Ba intanet, ba aiki. Sannan akwai bayanan da ba ka da hurumin ɗora su a kwamfutar wani, kamar na marasa lafiya ko na ma'aikata. Shi Jupyter na kan kwamfutarka, duk da a burauza yake buɗewa, ba ya buƙatar intanet ko kaɗan bayan girkawa. Wannan ma yana rikita mutane, suna ganin burauza sai su ɗauka aikinsu yana wani wuri can a sama.

Sabon Shiga:
Wallahi Anti ni ma haka na ɗauka. Wani abu kuma, me ya sa sunan fayil ɗin ke ƙarewa da ipynb, ba jupyter ko py ba?

Dattijon Taminal:
Sunan yanka ne ya bi shi. Asalin abin IPython ne, wanda Fernando Pérez, ɗan ƙasar Kolombiya, ya fara a 2001 yana ɗalibin digirin digirgir a fannin fiziks a jami'ar Colorado da ke Boulder a Amurka. A lokacin taminal ne kawai mai ɗan daɗin amfani. Littafin da ke buɗewa a burauza ya fito a ƙarshen 2011 da sunan IPython Notebook, daga nan ipynb ta samo asali. A 2014 aka ware ɓangaren da bai shafi Python kaɗai ba aka kira shi Jupyter, daga sunayen harsuna uku, Julia da Python da R, tare da tunawa da littattafan da Galileo ya rubuta abin da ya hango na watannin duniyar Jupiter a 1610. Shi ya sa kanel ya zama abu mai zaman kansa, kana iya cire na Python ka sa na R, fuskar tana nan yadda take. Tunanin haɗa bayani da lissafi da zane a shafi ɗaya kuwa ya girme su duka, Mathematica ta zo da shi tun 1988, sai dai ita ta kuɗi ce kuma a rufe take. Wannan a buɗe yake ƙarƙashin lasisin BSD, kowa na iya karanta kod ɗinsa ya gyara.

Kuma kada bambancin Notebook da JupyterLab ya dame ka. Tun fitowar Notebook 7 a 2023, da kayan JupyterLab aka gina shi. Ɗaya shafi guda yake ba ka, ɗayan ya ba ka tebur mai faɗi da taminal da jerin fayiloli a gefe.

Mai Gardama:
Na yi shiru ne har a gama taya shi murna. Yanzu bari in ɓata biki. Ni a ganina bai kamata a fara koya wa mutum shirye-shirye da littafin Jupyter ba sam. Dalili: abin da ido ke gani a shafi da abin da ke cikin ƙwaƙwalwar kanel suna iya rabuwa ba tare da ka sani ba. Gwada wannan, Sabon Shiga. A akwati na ɗaya rubuta `x = 5`. A na biyu `x = x + 1`. A na uku `x`. Gudanar da na ɗaya, sannan na biyu sau uku, sannan na uku. Zai ce maka 8. Duk wanda ya karanta shafin daga sama zuwa ƙasa zai rantse 6 ne. Yanzu goge akwati na ɗaya gaba ɗaya. Har yanzu x yana nan da ransa, domin a kanel yake zaune ba a shafi ba. Ka aika wa wani wannan fayil, ya buɗe, ya fashe a hannunsa, kai kuma kana rantsuwa cewa a wajenka yana aiki. Fayil ɗin py na gargajiya ba ya wannan munafuncin, daga layin farko yake farawa kullum.

Ba ni kaɗai ba ne. Joel Grus ya tsaya a taron JupyterCon na 2018, a gidansu, ya gabatar da jawabi sukutum kan dalilan da suka sa ba ya son littattafan nan. Kuma a 2019 wasu masu bincike sun tattaro littattafai kimanin miliyan 1.4 daga GitHub, suka sake gudanar da fiye da 800,000 daga cikinsu. Kusan kashi 24 cikin 100 ne kawai suka kai ƙarshe ba kuskure, waɗanda suka maido sakamako iri ɗaya da na asali kuwa kusan kashi 4 ne. Huɗu fa.

Sabon Shiga:
Na gwada. 8 ya ba ni. Jikina ya yi sanyi.

'Yar Lissafi:
Malam, alkaluman gaskiya ne, amma ka faɗi rabi ka haɗiye rabi. Da yawa daga waɗanda suka fashe ba tsarin akwatuna ne ya kashe su ba, fakitin da ba a girka ba ne, ko fayil ɗin bayanan da ba a ɗora tare da littafin ba. Ka kwaso fayilolin py miliyan ɗaya daga GitHub ka gudanar da su haka kawai, mu ga nawa za su kai labari.

Kuma abin da kake kira munafunci, ni shi ne abin da ya kawo ni. Ina da teburin da ke ɗaukar minti goma kafin ya gama lodi. Da fayil ɗin py, duk lokacin da na canza launin zane sai in sake jiran minti goma. A littafi sau ɗaya nake lodawa, ya zauna a kanel, in yi ta juya shi ina kallo, in yi tambaya in ga amsa, amsar ta haifi wata tambayar. Aikin bincike haka yake, ba a san inda za a ba tukuna. Ƙwaƙwalwar kanel ɗin ita ce amfanin, ita ce kuma haɗarin, ba ka isa ka ɗauki ɗaya ka bar ɗaya ba.

Abin da nake koya wa duk wanda ya zauna kusa da ni: lambobin da ke gefen akwatuna ba ado ba ne, jerin yadda aka gudanar da su ne. In ka ga 14 a sama da 9, ka san an yi tsalle. In ka ga tauraro, kanel na kan aiki. Kuma kafin ka rufe aikin yini ko ka aika wa wani, je menu na Kernel ka zaɓi wanda ke sake tayar da kanel ya gudanar da duka akwatuna daga sama. In ya kai ƙasa lafiya, littafinka gaskiya yake faɗa.

Mai Gardama:
Kayan aikin da sai ka tuna da wata al'ada kullum kafin ya faɗi gaskiya, akwai gyara a ƙirarsa. Shi ya sa aka yi irin su marimo da Pluto na Julia, waɗanda in ka canza akwati ɗaya duk masu dogaro da shi su sake gudana da kansu, in ka goge akwati abin da ke cikinsa ya mutu tare da shi. Marimo ma a fayil ɗin py yake adanawa.

'Yar Lissafi:
Na gwada marimo, ya burge ni, ban musa ba. Amma ranar da na taɓa wani akwati na sama ya ja mini lodin minti goman nan, na gane kowace ƙira da kuɗin da take karɓa. Ana iya saita shi ya jira, na sani. Sai dai abokan aikina duka ipynb suke aiko mini.

Dattijon Taminal:
Ku biyun kuna faɗa ne a kan iyakar gona, ba a kan gonar ba. Ni abin da nake yi: in wani kod ya nuna zai daɗe, ko na ga na kwafe shi zuwa littafi na biyu, sai in fitar da shi zuwa fayil ɗin py a gefe, littafin ya riƙa shigo da shi. A saman littafin in sa `%load_ext autoreload` da `%autoreload 2`, don in na gyara fayil ɗin kanel ya ɗauki gyaran ba sai na sake tayar da shi ba. Littafi ya zama wurin tambaya da zane da bayani, ba rumbun ajiya ba.

Ɗan Linux:
Tunda an taɓo aika wa mutane: ranar da za ka fara sa littafi a git, shirin da ke adana tarihin canje-canjen kod, za ka sha mamaki. Buɗe ipynb da editan rubutu ka gani, JSON ne, kuma sakamakon kowane akwati yana ciki, har hotuna, an mayar da su dogon zaren haruffa. Ka sake gudanar da zane ɗaya, git ya nuna maka canjin da ba mai iya karantawa. Akwai nbstripout mai share sakamako kafin a adana a git, akwai nbdime mai nuna bambanci yadda mutum zai gane, akwai jupytext mai haɗa littafin da tagwayensa na py. Foldar `.ipynb_checkpoints` da `.venv` kuma a sa su a gitignore, jerin abubuwan da git zai ƙyale. Sannan a kula: in ka taɓa buga kalmar sirri ko mabuɗin API a sakamakon akwati, yana nan cikin fayil ɗin ko da ka goge kod ɗin da ya buga shi, matuƙar ba ka share sakamakon ba.

Mai Hayar Sabar:
Bari in tona wa kaina asiri ko wani zai tsira. Shekarun baya na yi hayar sabar don wani aiki da ya fi ƙarfin kwamfutata. Na girka Jupyter a can, na tayar, na rubuta adireshin sabar da 8888 a burauzata, shiru. Ban san cewa da gangan yake sauraron cikin gida kaɗai ba. Na bincika, na ga an ce a ƙara `--ip=0.0.0.0`, wato ya amsa wa kowa daga ko'ina. Ya buɗe, amma yana tambayar tokin, dogon zaren nan da ke fitowa a taminal. Na ga abin ya dame ni, na bi wata shawarar na mayar da tokin ɗin fanko. Na ce ai wa ya san adireshina.

Kwana biyu aikina ya koma tafiyar hawainiya. Na duba, injin yana cike da wani shiri da ban san shi ba, ashe wani ne ke haƙar kuɗin kirifto da injin da nake biya. Ba wani kutse na gwaninta ya yi ba. Akwai na'urorin da ba su da aiki dare da rana sai ƙwanƙwasa ƙofofi irin 8888 a duk faɗin intanet. Kuma wanda ya shiga Jupyter ɗinka ya samu taminal cikakke da sunanka, duk abin da za ka iya shi ma zai iya. Dole na rushe sabar na sake gini, na canza duk mabuɗan da ke ciki.

Sabon Shiga:
Innalillahi. To ya ake yi daidai?

Mai Hayar Sabar:
Abin haushin ma ya fi hanyar banzar sauƙi. A sabar ka rubuta `jupyter lab --no-browser`, ka bar shi a cikin gidansa. A kwamfutarka kuma:

`ssh -L 8888:localhost:8888 sunanka@adireshin-sabar`

Wannan ya haƙa rami daga ƙofarka ta 8888 zuwa tasa, ta cikin SSH, a ɓoye. Sai ka buɗe localhost:8888 a burauzarka kamar a gida. In tokin ya ɓace maka, `jupyter server list` zai nuna shi. In ka gaji da shi, `jupyter server password` ka sa kalmar sirri. Ka dai duba lambar ƙofar da ya faɗa, domin in ya tarar da 8888 a kame zai koma 8889 ba tare da ya yi maka gardama ba.

Uwar Biyu:
Wannan maganar 8889 ta tuna mini. Rufe shafin burauza ba ya kashe komai. Kanel na nan, riƙe da duk abin da ka loda a ram. Na taɓa ganin mai littattafai tara a buɗe a bayan fage yana kukan kwamfuta ta tsufa. A JupyterLab akwai alamar da'ira mai murabba'i a ciki a gefen hagu, nan ake ganin masu gudana a kashe su. Sabar kuma Ctrl da C a taminal, sau biyu in kana sauri. In kuma ka ga saƙon cewa kanel ya mutu zai sake tashi, ba tare da wani jan rubutu ba, mafi yawan lokaci ram ce ta cika.

Ɗan Linux:
Amma kada wani ya ji haka ya tayar da aikin awa shida ya rufe burauza ya tafi. Kanel zai gama aikin, sai dai abin da ya buga lokacin da ba shafin da ke sauraro ba lallai ka same shi a littafin ba. Dogon aiki ko dai ya riƙa rubuta sakamakonsa a fayil, ko a gudanar da littafin daga taminal da `jupyter nbconvert --to notebook --execute` a cikin tmux, shirin da ke barin aiki ya ci gaba ko an rufe taminal.

Malamar Aji:
Ku gafarce ni in shigo da tawa. Ɗalibai talatin zan koyar, kuma na ga yadda mutum ɗaya ya sha da girkawa a saman wannan zaren. In na ninka shi sau talatin, zangon karatu zai ƙare muna neman Python39.

Dattijon Taminal:
Malama, JupyterHub aka yi domin wannan. Sabar ɗaya, kowane ɗalibi ya shiga da sunansa ya samu nasa littafin, ke ki girka fakiti sau ɗaya don kowa. Akwai saukakken nau'insa, The Littlest JupyterHub, wanda aka tsara don injin guda da mutanen da ba su wuce ɗari ba. Ki sa wa kowa iyakar ram tun farko, in ba haka ba ɗalibi ɗaya zai kayar da ajin duka da madauki marar ƙarshe mai tara kaya. In kuma darussan farko ne masu sauƙi, duba JupyterLite. Shi kanel ɗin ma a cikin burauzar yake gudana, ba sabar lissafi ko kaɗan, sai dai ba kowane fakiti ne ke aiki a cikinsa ba, kuma fayilolin a ma'ajiyar burauzar suke, wanda ya share ta ya share aikinsa.

Mai Gardama:
Ko ki koya musu fayil ɗin py da taminal a mako biyun farko, su san mene ne shiri kafin a ba su abin wasa.

Malamar Aji:
Malam, ban ƙi ta taka ba. Amma misalin nan naka na x zan fara da shi ranar farko, kafin ma su ga pandas.

Sabon Shiga:
Na dawo da sabon kuka. Na bi shawarar Yaya, na sake tayar da kanel na gudanar da duka. Ya tsaya a akwati na bakwai, NameError, wai bai san `tsabta` ba. Teburin da na share layukan da ba su cika ba ne na sa wa wannan suna. Ina jin ɗazu da nake gyara littafin na goge akwatin da ya ƙirƙire shi, ban lura ba saboda komai na ci gaba da aiki. Kuma na manta yadda na rubuta shi, layi kusan goma ne.

Mai Gardama:
Ban ce komai ba.

'Yar Lissafi:
Kuma kada ka ce. Ƙanena, in ba ka rufe shafin ba, danna Esc sannan Z, yana maido akwatin da aka goge, ka yi ta dannawa yana komawa baya. In wannan ya wuce, IPython yana ajiye duk abin da ka taɓa gudanarwa a wani ƙaramin rumbun bayanai a foldar `.ipython`, har na zaman da ya gabata. Rubuta `%history -g tsabta` a sabon akwati, zai zaƙulo duk inda kalmar ta fito.

Sabon Shiga:
Z bai kawo shi ba, na riga na sabunta shafin. Amma `%history` ya fito da shi, har kala uku, ashe sau uku na gyara shi. Na ɗauki na ƙarshe na mayar a akwati na shida, na sake gudanar da duka. Lambobin gefe sun jeru daga 1 zuwa 19, zanen ma ya fito. Saura in gano dalilin da ya sa jimillar da yake ba ni yanzu ta bambanta da wadda na rubuta a rahotona jiya.

'Yar Lissafi:
Ta yanzu ce ta gaskiya. Buɗe sabon zare ka manno akwati na shida da na sha ɗaya, mu duba.